Ɗorawar Suwaibatu da Jirgin Gafiya

Shekarar da kuɗin fetur suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba su, ita ce shekarar da aka ce za a kawo jirgi Unguwar Gide, wani ɗan ƙauye da ke bayan Pauwa. Ba irin jirgin Funtuwa mai hayaƙi da ɗaukar auduga ba. Wannan, in ji masu labarin, na lantarki ne. Zai tashi daga Ƙanƙara, ya bi ta Faskari, ya tsaya Sabuwa, kuma in ya iso gari sai ya nutse ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo ta bayan gari, don kada ya take wa mutane kaji. A lokacin duk yankin babu ko ƙwan lantarki ɗaya. Tsofaffi suka ce su dai sau ɗaya suke da niyyar shiga ƙarƙashin ƙasa, kuma ba da tikiti ba. Kafin Juma'a ta zagayo an raɗa masa suna jirgin gafiya.

Suwaibatu mai daddawa ta yi dariyar abin kamar kowa, har ranar da ya zo gindin ɗorawarta.

Ɗorawar nan gadon uwarta ce, Inna Larai. Tana tsaye ne a tsakiyar gonar Alhaji Maharazu, amma ba tasa ba ce, domin a wurinmu ƙasa daban take, itace daban. Lokacin da gonar ta koma hannun uban Alhaji, an faɗa a gaban shaidu cewa ban da ɗorawa. Alhaji ya nome dawarsa har gindinta in ya so, amma 'ya'yanta da inuwarta da 'yar hanyar zuwa wurinta na Suwaibatu ne. Daga ita take samun kalwar da take dafawa ta yi daddawa, da garin da yara ke lasa har bakinsu ya yi rawaya, da makubar daɓen ɗaki. A gindinta Inna Larai ta koya mata gane kalwa mai kyau da haƙori. In kewar uwar ta taso mata, can take zuwa ta zauna ta ce ta zo duba itace.

Da bazara, ɗorawa ta nuna ana tsakiyar ɗiba, sai ga 'yan safiyo, masu awon ƙasa, a Landiroba, da kaki da wata na'ura mai ƙafa uku da suke leƙawa da ido ɗaya. Motar ta kasa shiga gonaki, suka nemi mai jaki da zai ɗaukar musu kaya. Aka nuna musu mijin Suwaibatu, Nata'ala, wanda duk ƙauyen ba a taɓa jin ya amsa tambaya kai tsaye ba. Kayan kuwa turaku ne na ƙarfe, kowane tsawon kamu guda, da jan fenti a kai, da zobe a sama, da lamba a jiki. Kwana tara ya yi yana binsu, su leƙa, su nuna, shi ya kafa. A kwana na uku ya sake wa jakinsa suna Injiniya, ya ce ya fi su sanin hanyar.

Ranar da Suwaibatu ta je kwashe ragowar ɗorawa, ta tarar da turke mai lamba sittin da uku a kafe, taki biyu daga jikin itacen. Wata mata da ta ji daga bakin 'yan safiyon ta gaya mata cewa duk abin da ke taki goma dama da hagu na turke, sara za a yi.

Ta dawo gida ta same shi yana yi wa Injiniya susa.

"Malam, kai ka kafa shi?"

"Ni na riƙe guduma dai."

"Da hannunka."

"To da na wa? Injiniya bai iya riƙon guduma ba, na gwada shi."

"Ɗorawar Inna ce."

"Na gaya musu. Mai leƙen ya ce a takardarsu babu Inna, akwai itace ɗaya, gonar Alhaji."

Ta juya ta shige ɗaki. Da yamma ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya leƙa cikin akushi kamar wani abu ya faɗa ciki.

"Suwaiba, mi ya samu miyar nan? Ta yi rashin lafiya?"

"Koyo kake. In an sare ɗorawa haka za ka sha har ka tsufa."

Tun daga ranar, gidan da ake yi wa rabin Pauwa daddawa, mai gidan bai sake ɗanɗana ta ba. Yaranta da ita suna ci daga wata tukunya. Shi kuwa ana kawo masa tasa kamar ruwan wanke ludayi.

Ta je wurin Alhaji Maharazu, ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi. Alhaji mutum ne da ya je Makka shekara guda kafin wannan, ya ga jirgin sama da bene, ya dawo yana ganin Unguwar Gide ta yi masa kaɗan. Gidansa ne kaɗai mai kwano, da mangwaro uku a ƙofa waɗanda ko ganyensu ba ya so a taɓa. Ta roƙe shi ya sa baki, tunda gonarsa ce, a ɗan karkata layin.

"A karkata? Ke kin san mi ke zuwa? An ce nan za a yi tasha, don wurin shimfiɗe yake. Tashar Alhaji Maharazu. Da allo. Mutumin Sabuwa ya karanta, na Faskari ya karanta."

"Alhaji, itacen ba naka ba ne."

"Na sani. Shi ya sa ba ni zan sare shi ba. Gwamnati ce. Ki je ki same ta."

"Ina gidanta?"

"Kaduna. In jirgi ya zo kya hau ki je."

Washegari ya sa aka kewaye turken da ƙaya, ya sayo jan fenti a Ƙanƙara ya ƙara masa, ya riƙa zuwa safe da yamma yana duba shi kamar saniya mai ciki.

Sai ruwan shuka ya sauka. Kamar kowace shekara, mai unguwa ya sa aka yi shela cewa kowa ya ɗaure dabbarsa, duk akuyar da aka kama a gonar wani mai ita ya kuka da kansa. Wannan lokaci ne na wahalar turke. Na itace gara ke cinyewa, ko ƙasa ta jiƙe akuya ta fizge shi ta shiga gari tana jansa. A safiyar shelar, Nata'ala ya kai Injiniya bakin hanyar kasuwa, inda turke mai lamba hamsin da takwas yake, ya zura igiya a zoben, ya kwanta a inuwa ya rufe fuska da hula. Jakin ya ja, ya yi harbi, ya yi kuka, turke ko motsi.

Kowa ya wuce sai ya tsaya. Baba Barakatu, wata tsohuwa mai awaki bakwai, ta daɗe tana kallo.

"Nata'ala, wanga abu na wane ne?"

"Na gwamnati, Baba."

"Tana da awaki?"

"Ban ga ta zo da su ba."

"To ashe ba ta da buƙata yanzu."

Kafin la'asar ta tumɓuke biyu. Kafin kwana uku, daga bayan Pauwa har iyakar inda Nata'ala ya kafa, babu jan kai ko ɗaya a daji. Duk sun koma cikin gidaje, kowane da akuya ko tunkiya a wuya. Limamin unguwa ya ce aro ne, ba sata ba, tunda kowa da niyyar mayarwa in kaka ta yi. Shi ma yana da ɗaya a bayan ɗaki.

Guda ɗaya ne ya rage, mai lamba sittin da uku, cikin ƙayarsa.

Suwaibatu ta gane cewa mijin ne ya tayar da wannan aikin, kuma ta ga bai tsinana mata komai ba. "Turke ɗari ka kora daga daji, ka bar wanda ke bisa wuyana."

"Alhaji shina kwana da shi a rai. In na taɓa, alƙali."

"To ci miyarka."

Abin da ya ƙara mata haushi, sai ta fara jin wani suna yana yawo. Duk inda Nata'ala ya kai kaya, kasuwar Ƙanƙara ko ta Faskari, in aka tambaye shi labarin jirgin gafiya sai ya ce ai har an tsayar da wurin tasha a garinsu, Tashar Daddawa. 'Yan jakai suka ɗauka. Mata suka ɗauka. Yara na wucewa ta ƙofar gidanta suna toshe hanci suna kukan jirgi. Ta yi kwana biyu ba ta ko amsa masa gaisuwa, tana ganin bayan ya kafa mata turke kuma ya mai da ita abin dariya.

A rana ta uku ta kai wa Hajiya Baraka, matar Alhaji, daddawar sati. Hajiya ta ja ta gefe.

"Don Allah ki ce wa mijinki ya daina wannan suna. Alhaji jiya ko tuwo bai ci ba. Wani a masallacin Juma'a ya tambaye shi ko shi ne mai gonar Tashar Daddawa."

Suwaibatu ta tsaya da faifai a hannu. Ta dubi Hajiya, ta dubi mangwarorin ƙofar gida ta saman katanga, sai a nan ta gane inda mijin ya dosa da sunan. Sannan ta ce, cikin ladabi, "Hajiya, ai bakin mutane ne. Wa ya isa ya hana su kiran wuri da abin da suke ji a wurin?"

Da gari ya waye ta ɗauki babbar tukunyarta da murhu da kwandunan rufe kalwa, ta bi 'yar hanyarta da ba mai ikon hana ta, ta kafa sana'a a inuwar ɗorawarta. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da kalwa a kwana na uku da rufewa ba, ba zai gane abin da ya sami gonar Alhaji ba. Masu noman da ya ɗauko suka riƙa yin kunya ɗaya su fita shan iska. Ƙudaje suka zo daga garuruwan da ba a san da su ba. Ta kira mata uku suka taya ta daka, suna yi suna guɗa. Alhaji ya zo duba turkensa da gefen rawani a hanci.

"Suwaibatu, mi ke nan?"

"Kama wuri nake, Alhaji, tun kafin 'yan Faskari su rigaye ni. Ko an sare itacen ai tasha tana son mai talla."

Nata'ala ya dawo ya ji labari. Miya dai ta zo yadda take zuwa. Ya sha, ya ce yau kamar an wuce da daddawa ta kusa da tukunyar.

Ana tsakiyar noma na biyu sai ga wani ma'aikaci a kan babur, saurayi mai tabarau da littafi a aljihu, an aiko shi ya ƙirga turaku kafin ɗan kwangilar share layi ya fara aiki. Ya yi yawo rabin yini cikin dawa bai ga ko ɗaya ba. Da ya shiga gari neman ruwa, sai ya ga lamba arba'in da ɗaya a tsakar gidan Baba Barakatu da bunsuru a jiki. Ya zauna a kan turmi ya cire tabarau.

Mai unguwa ya tara mutane aka rako shi wurin turke ɗaya da ya rage. Ya yi murna kamar ya ga ɗan'uwansa. Ya buɗe littafi, yana numfashi ta baki, ya tambaya, "Yaya sunan wannan wurin?"

Alhaji ya buɗe baki, amma mutum arba'in sun riga shi. "Tashar Daddawa."

Saurayin ya rubuta. Alhaji ya matso ya leƙa littafin, duk da boko ba karatunsa ba ne.

"Yaro, abin da ka rubuta, shi za a sa a allo?"

"Yawanci sunan da aka samu a wuri shi ake bari, Alhaji."

Ya ce zai dawo ranar Laraba, kuma yana so ya tarar da kowane turke a mazauninsa. Na'ura mai ƙafa uku tana can wani aiki a kudu, ba za ta samu ba. Wa ya san inda suke? Kowa ya juya ya dubi Nata'ala. Nata'ala ya ce shi da Injiniya za su yi ƙoƙari.

Ranar Talata, Suwaibatu ta fita tun bayan sallar asuba don ta buɗe kwandunanta kafin rana. Daga nesa ta hangi farar riga a gindin ɗorawa. Ta laɓe cikin dawa. Alhaji Maharazu ne, shi kaɗai, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya janye ƙaya, yana kokawa da turke. Nata'ala ya kafa shi da gaske. Alhaji ya girgiza, ya yi nishi, ya tofa yawu a hannu, ya ja da ƙarfinsa duka. Turken ya fito gaba ɗaya, Alhaji ya tafi da baya ya zauna daɓas cikin ruwan wankin kalwa na jiya. Suwaibatu ta cusa gefen zane a baki. Hawaye na zubo mata, ita kanta ba ta san na dariya ne ko na me ba. Ya tashi, ya duba gabas da yamma, ya ɓoye turken cikin riga, ya nufi gida yana tafiya a buɗe.

Laraba da mai babur ya dawo, ya tarar da lamba sittin da uku a ƙofar gidan Alhaji, tsakanin mangwaro na ɗaya da na biyu. Ya ce shi kamar ba nan ya gan shi ba.

"Yara ne suka kai shi gona," in ji Alhaji. "Asalinsa nan ne. Ga wanda ya kafa, a tambaye shi."

Mai unguwa ya ce, "Nata'ala, ka ji."

"Ranka ya daɗe, ranar da na kafa shi rana ta dake ni ƙwarai. Amma Alhaji ya je Makka ya dawo. In ya ce nan ne, ni da ko Zariya ban sani ba, mi zan ce?"

Sauran turakun kuwa ya riga ya jera su. Layin ya taho daga gabas a miƙe, ya kauce wa rijiyar Baba Barakatu, ya yi wa gonar liman kwana, ya zagaye maƙabarta da ladabi, ya lanƙwaso ya gaishe da Alhaji a ƙofar gida, sannan ya koma daji. Tsakaninsa da ɗorawa tafiyar shan fura. Saurayin ya dubi layin, ya dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas, ya tuna rafin da zai ƙetare da babur. Ya ƙirga turaku, sun cika. Ya soke abin da ya rubuta a da, ya sa Tashar Alhaji Maharazu, ya tafi.

Da yammar nan Suwaibatu ta jefa daddawa biyar a miyar mutum ɗaya. Miyar ta yi baƙi, ta yi ɗaci, ko kare ba zai sha ba. Nata'ala ya shanye, ya suɗe akushi, ya ce, "To, ta warke. Amma a rage mata magani."

Bayan an kai amfani gida, masu sara suka iso da gatura da helmansu mai ba su umarni. Suka ja igiya daga turke zuwa turke, suka auna taki goma dama da hagu. Mangwaro uku suka faɗi kafin azahar, da kusurwar zaure. Alhaji ya yanka rago, ya tsaya cikin rana inda inuwa take a da, yana nuna wa baƙi inda za a sa allo. Hajiya Baraka ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba.

Jirgin gafiya bai zo ba. An ce kuɗin sun ƙare, an ce ɗan kwangila ya tafi, an ce gwamnati ta sake. Abin da aka yi kawai shi ne saran. Duk inda babu wanda ya karkata layi, daga wajen Ƙanƙara har kusa da Damari, an kwantar da ɗorawa da kaɗanya da tsamiya ba adadi, mata da yawa sun yi kuka a shekarar. Filin da aka share ya zama hanyar jakai, har yau ana ce mata layin jirgi. Gindin ɗorawa kuma har yau Tashar Daddawa ake ce masa, direbobin yanzu ma haka suke kira ba su san dalili ba. Da damina ta sake zagayowa aka yi shela, turaku suka koma aikinsu na gaskiya. Mai lamba sittin da uku sai da Alhaji ya rasu Hajiya Baraka ta tumɓuke shi da kanta, ta aika wa Nata'ala, ta ce ba ta son sake ganinsa.

Ya ɗaure jakuna huɗu da shi, ɗaya bayan ɗaya, duk sunansu Injiniya. Shekara arba'in da wani abu, duk bazara shi ke riƙe doguwar gora mai ƙugiya yana fizgo ɗorawa, Suwaibatu na tsincewa a ƙasa tana yi masa faɗa yana karya mata rassa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ce masa ta gode ba, shi kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce bai san komai ba, rana ce ta dake shi.

Ya rasu bara, bayan ƙaramar salla, zazzaɓin kwana huɗu. A rana ta uku ya ce a yi masa kunu, ya kurɓa, ya tambaye ta ko shi ma kunun an hana shi daddawa ne.

Bana ɗorawa ta yi 'ya'ya kamar ba ta san abin da ya faru ba. Suwaibatu ta ɗauki gorar ta je, ta ɗaga, ta ga ba za ta iya ba. Ta jingine ta a jikin itacen, ta kafa turken taki biyu daga gindi, daidai inda ya fara kafa shi, ta ɗaure akuyarta, ta zauna. Masu wucewa suka tambaye ta lafiya, ta ce ta zo duba itace.